Hajiya, Kafin Ki Bar Android Ki Koma iPhone

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ƴar kasuwa ce a nan Damagaram, ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta, rabin cinikina a kasuwar Dole, rabi ta WhatsApp. Salulata Android ce mai giga 64, shekararta 3 a hannuna. Wata huɗu ke nan ta ishe ni: ta maƙale, ta yi zafi, ta mutu da kanta alhali akwai caji, talla ta faɗo ko ban taɓa komai ba, forfe na wata ya ƙare a kwana goma. Abin da ya fi damuna, sau biyu ina daidaita farashi da mai kayana na Kano ta saƙo, sai in ji wata abokiyar sana'a ta san inda muka tsaya. Ƙanena ya ce Android ce ba ta riƙe sirri, in ba shi jika 90 ya samo mini iPhone ta hannu. Yaron shagon da na sayi wayar shi ya buɗe mini komai a ranar, kuma in kuran ya ɗauke ina kai ta wurin masu caji. In sauya ko in zauna?

Wata mai sayar da atamfa, unguwar Zango

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe jikarki 90 tukuna. A cikin duk abin da kika lissafa babu guda ɗaya da za mu iya rantsewa cewa laifin Android ne, kuma wanda ya fi damunki, wato fitar sirri, yana iya bin ki har cikin iPhone ɗin. In kika sauya ba ki toshe inda ke yoyo ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

Mu fara da jimlar da kika saka a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba ce: yaron shago ne ya buɗe miki komai. Ma'anarta shi ne ya ƙirƙiri asusunki na Google, adireshin Gmail da kalmar sirrinsa, kuma a mafi yawan lokuta mai wayar ba ta ma san kalmar ba. Ba muna cewa yaron macuci ne ba. Amma wannan asusu shi ne makullin gidan: lambobin mutanenki suna ciki, hotunanki in Google Photos na kunne suna ciki, kwafin ajiyar WhatsApp yana ciki, har wurin da wayar take a taswira ana iya gani da shi. Duk mai kalmar zai shiga daga wata waya ba tare da ya taɓa taki ba. Kuma masu shago da yawa kalma ɗaya suke sa wa kowa, ko su sa lambar wayar mutum, don kada su manta.

Yau ɗin nan ki shiga saitin waya, wato Paramètres in Faransanci wayar take, ki taɓa Google, ki shiga sarrafa asusu, ɓangaren Sécurité. Ki duba jerin na'urorin da asusun ke buɗe a kansu, duk wadda ba taki ba ki fitar da ita. Ki canza kalmar sirri zuwa mai harufa 12 ko fiye, ba sunan ɗanki ba, ba shekarar haihuwa ba, ki rubuta a takarda ki adana inda kike adana takardun gida. Sannan ki dubi lambar waya da adireshin da aka sa na dawo da asusu idan an manta kalma. Nan ne mutane ke tuntuɓe: su canza kalma su bar lambar mai shago, shi kuwa da wannan lamba yana iya sake karɓe asusun. Ki sa lambarki, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In kalmar ta ƙi samuwa kwata-kwata, ki buɗe sabon asusu da hannunki, ki mayar da lambobin mutanenki can, sannan ki cire tsohon daga wayar.

Sai WhatsApp. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, kuma kullin iri ɗaya ne a Android da iPhone. Kamfanin layi ba ya karanta su a hanya. Don haka in wani yana karanta hirarki, ba a hanya yake tare ta ba, ƙofa aka buɗe masa. Ƙofar da aka fi bi ita ce haɗa na'ura. WhatsApp yana yarda a jona asusu ɗaya da wasu na'urori har 4, kuma wanda ya san lambar buɗe wayarki, ko ya same ta babu kulle a kanta, bai buƙatar minti ɗaya ya jona tasa. Daga nan duk saƙon da ya shigo miki ya shigo masa. Ki taɓa ɗigo uku na sama, ki shiga Appareils connectés. In kin ga na'urar da ba ki sani ba, ki ɗauki hoton ekran tukuna, domin yana nuna irin na'urar da lokacin da aka yi amfani da ita na ƙarshe, sannan ki cire ta. A saitin asusu ki kunna Vérification en deux étapes, ki zaɓi lamba 6 da ke kaɗai kika sani. A ɓangaren ajiyar hira ki kunna ajiya mai kulle, wadda WhatsApp ya kawo a 2021. Ba ta zuwa a kunne, kuma in kika manta kalmarta babu mai dawo miki da hirar, har su kamfanin. Lambar nan 6 da ke zuwa ta SMS kuwa, duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa ita, ko ya ce daga kamfanin layi yake ko daga rukunin ƴan adashe, asusunki yake nema.

Ki kuma tabbatar WhatsApp ɗin na asali ne. Akwai na jabu irin su GB WhatsApp da ake turawa ta Xender, masu launi da ɓoye alamar an karanta. Ba kamfanin Meta, mai WhatsApp, ke yin su ba, babu mai tabbatar miki abin da aka cusa a ciki, kuma ana rufe asusun WhatsApp saboda su.

A gefe guda, kada ki manta hira ta mutum biyu ce. Mai kayanki na Kano yana da yaran shago, yana da tasa wayar da ake taɓawa, kuma bakinsa ba a ɗinke yake ba. In kin duba duk waɗannan wurare kin tarar da su tsaf, to mai yiwuwa yoyon daga can ne, kuma babu wayar da za ki saya ta gyara wannan.

Wurin masu caji: ki kashe wayar gaba ɗaya kafin ki miƙa ta. Wayar da aka kashe, in an kunna sai da lambar buɗewa, yatsa ko fuska ba sa aiki a karon farko. Ki canza lambar buɗewar yanzu, ki bar zanen nan na haɗa ɗigo, domin sawun yatsa yana nuna shi a gilashi kuma yara suna haddace shi da kallo ɗaya. Ki sa wayar ta daina nuna abin da saƙo ya ƙunsa a ekran mai kulle. Mai gyara ma haka: canjin batir ko bakin caji ba ya buƙatar lambarki, in ya ce sai ya gwada, ya gwada a gabanki.

Yanzu tallar da ke faɗowa da datar da ke ƙonewa. Waɗannan biyun yawanci uwarsu ɗaya, wata manhaja ce ke aiki a ɓoye, tana sauko da talla da kuɗin forfenki. Android tana yarda a saka manhaja daga ko'ina, abin da ya sa masu tura finafinai da waƙoƙi ke iya cika waya a minti biyar, kuma ta nan ɓarnar ke shiga. Ki gwada yanayin kariya: ki danne maɓallin kunnawa, in rubutun Éteindre ya fito ki ɗora yatsa a kansa ki riƙe har ta tambaye ki Mode sécurisé. A wasu wayoyin sai an danne maɓallin rage murya yayin da take tashi. A wannan yanayi manhajojin da wayar ta zo da su ne kawai ke aiki. Ki bar ta haka rabin yini. In talla ta tsaya, zafi ya ragu, kin kama ɓarawon a cikin abin da aka ƙara mata. Ki koma saiti ki dubi yawan datar da kowace manhaja ta ci a watan. Wadda ba ki buɗewa amma ta ci ɗaruruwan mega, ita ce. Waɗanda muka fi zargi su ne masu cewa suna share waya, masu sanyaya batir, tocila, da masu sauko da bidiyo. Babu manhajar da ke sanyaya batir. Wani lokaci muguwar ba ta da suna ko hoto, fili ne kawai a ƙarshen jeri.

Wurare uku ne irin waɗannan manhajoji ke maƙalewa. Na farko Accessibilité, wanda aka yi don makafi da masu lalura, amma manhajar da ta samu wannan izini tana iya karanta duk abin da ke ekran, har saƙon WhatsApp bayan an buɗe shi. Manhajojin leƙen asiri da ake saka wa mutane a gida nan suke zama. Na biyu izinin fitowa a kan sauran manhajoji, wanda da shi talla ke rufe miki ekran. Na uku jerin masu gudanar da na'ura: in manhaja ta ƙi goguwa, maɓallin ya dushe, a nan ta yi rajista, sai kin cire mata alamar sannan ta fita. Bayan nan ki buɗe Play Store, ki taɓa hotonki, ki sa Play Protect ya bincika wayar, ki kuma hana Xender da Chrome izinin saka manhaja.

In ko a yanayin kariya tallar ba ta tsaya ba, to a jikin wayar take. Wayoyi masu araha da yawa suna zuwa da talla daga masana'anta, da ita ake rage farashinsu. Akan samu wanda ya fi haka muni: a 2020 masu bincike sun gano wata muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka, tun daga kwali, tana yi wa mutane rajistar abubuwan biya ba da saninsu ba. Irin wannan ko an share waya gaba ɗaya yana dawowa. Nan kam sauya waya ya wajaba.

Maƙalewa kuma sau da yawa cikar ma'aji ce. Mai sayar da atamfa ta WhatsApp hotuna da bidiyo sun fi ƙarfin giga 64 a shekara 3. In abin da ya rage bai kai giga 6 ba, waya za ta ja ƙafa. A saitin WhatsApp akwai Gérer le stockage, yana ware miki fayilolin da suka wuce mega 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Ki share, ki kashe saukar bidiyo da kanta, ki kwashe hotunan kaya zuwa katin memuwa. Mutuwa da caji a ciki kuwa batir ne. Batirin waya yana fara gajiya bayan cikawa ɗari biyar ko makamancin haka, kuma an ƙera wayoyi su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali Damagaram a watan Afrilu da Mayu tana haura 40 a inuwa. Waya a rumfar kwano, cikin riga mai kauri, a jone da caja ana kallon bidiyo, dole ta rage gudu don kare kanta. Ki kwantar da ita a tebur: in tana lilo ko murfin baya ya ɗaga, batirin ya kumbura, ki daina cajinsa a canza shi a ranar. In ekran na taɓa kansa lokacin caji kawai, cajar ce ta jabu.

To ina gaskiyar maganar ƙanenki? Yana da rabinta. A iPhone ba a tura manhaja daga waya zuwa waya, sai ta App Store, don haka masu tallar nan ba sa samun shiga cikin sauƙi. Tun iOS 14.5 a 2021 (iOS shi ne tsarin da iPhone ke aiki da shi), dole manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawunki a wasu manhajoji. Kuma Apple yana daɗewa yana aiko gyaran tsaro, shekara biyar zuwa sama. Dalili ma a fili yake: Apple da sayar da waya yake cin abinci, Google da talla. Amma babu waliyyi a cikinsu. A 2022 Google ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 391.5 ga jihohin Amurka 40 kan bin sawun inda mutane suke, a farkon 2025 kuma Apple ya amince da biyan miliyan 95 kan ƙarar cewa Siri, manhajar iPhone mai amsa umarnin murya, tana naɗar magana ba da izini ba, ko da yake bai amsa laifi ba. Manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta shiga iPhone ɗin ƴan jarida da ƴan siyasa. Matsalar manhaja ma ba ta bar su ba, iPhone 15 Pro ta fito a 2023 tana zafi sai da aka aiko gyara. Abin da kika ba Facebook da TikTok da hannunki kuwa, kowace waya kika riƙe sun samu.

Ita ma Android ta zamani ba ta zauna ba. Daga Android 12 akwai ɗigo kore da ke fitowa a sama in ana amfani da kamara ko makirfo, akwai shafin da ke nuna wace manhaja ta taɓa su a awa 24 da suka wuce, kuma a saitin Google, ɓangaren talla, kina iya goge lambar da masu talla ke gane ki da ita. Wannan ya isa ki gwada zancen nan na cewa waya tana sauraren hira.

Abin da ya kamata ki auna ba sunan tsarin ba ne, ranar gyaran tsaro na ƙarshe ce. Ki shiga À propos du téléphone ki duba. In ranar ta haura shekara ɗaya kuma babu sabon da ke jira, masana'anta sun saki wayar, wato sun daina aiko mata gyara, ramukan da aka gano bayan nan a buɗe suke. Da wannan ma'auni za ki auna iPhone ɗin ƙanenki, domin jika 90 tsohon samfuri za ta sayo. iPhone 7 ta tsaya a iOS 15, iPhone 8 da X sun tsaya a iOS 16, XR da XS a iOS 18; iOS 26 ta 2025 daga iPhone 11 ta fara. WhatsApp kuma ya riga ya daina aiki a duk abin da bai kai iOS 15.1 ba, kuma wannan iyaka gaba take matsawa. Ki bar Android da aka saki ki sayi iPhone da aka saki, gudun gara ne a faɗa wa zago. Sabuwar Android mai dogon alkawari ta fi: Samsung ya yi wa Galaxy A16 alkawarin shekara 6 na gyara, Google ya yi wa Pixel 8 shekara 7. Ki nemi mai ƙwaƙwalwar aiki giga 6, in ya gagara 4, da ma'aji giga 128.

In duk da haka ranki na kan iPhone, ga abin da za a duba kafin kuɗi ya bar hannu. A share ta gaba ɗaya a gabanku, a tayar da ita daga farko da layinki a ciki. In ta nemi asusun iCloud, wato asusun Apple, na wani, a mayar, kullen mai ita na farko ne kuma ba ya cirewa. Kada ki karɓi wadda mai shago ya ce ya sa miki nasa iCloud don sauƙi: wannan shi ne matsalar yaron shagonki sak, har ta fi, domin yana iya ganin hotunanki ya kuma kulle wayar daga nesa. A Réglages, wato saitin iPhone, ɓangaren batir, lafiyarsa kada ta gaza 85 cikin 100. A 80 Apple kansa ke cewa a canza. A shafin bayanin waya a duba tarihin kayan da aka canza, da layin da ke nuna ko an ɗaure ta da wani kamfanin layi na waje. A danna *#06# a gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta cikin saiti. A gwada buɗewa da fuska, domin in ya mutu alama ce an taɓa buɗe cikinta.

Batun layi ma ki yi masa lissafi, ke da kike da mai kaya a Kano. Ƴan kasuwar da ke bin hanyar Magarya ko Matamaye sukan riƙe layi biyu, wani lokaci uku da na Najeriya. Yawancin iPhone ramin sim ɗaya gare su, na biyun eSIM ne, wato sim marar kati, wanda sai kamfanin layi ya ba ki. Waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga iPhone 14 ba su da rami ko ɗaya. Babu wurin katin memuwa, iCloud na kyauta giga 5 ne kawai, na Google 15. Sabunta tsarinta yana cin giga da yawa, sai da wifi. Ki kuma tabbatar manhajar aika kuɗin da kike ciniki da ita tana App Store.

Hirarki da abokan ciniki, wadda a cikinta bashin mutane yake, ba ta bin ki da kanta. Kwafin da ke Google Drive ba ya buɗuwa a iPhone. Sai da manhajar Migrer vers iOS, iPhone ɗin tana sabuwar sharewa, layi ɗaya, wayoyin biyu a jone da caji a kan wifi ɗaya, kuma in kuran ya ɗauke a tsakiya sai a sake daga farko. In aka riga aka tayar da iPhone aka fara amfani da ita, sai an sake share ta. Kada ki sayar da tsohuwar sai kin buɗe hirarraki goma kin ga hotuna da saƙon murya sun iso.

Wani zai ce miki a sauke wa wayar wani tsarin daban, irin LineageOS ko GrapheneOS. Ba naki ba ne. GrapheneOS a Pixel kawai yake hawa, kuma manhajojin kuɗi sukan ƙi aiki a wayar da aka sauya wa tsari.

Ki ba abin da muka faɗa mako biyu. Asusun Google da WhatsApp yau, yanayin kariya da share manhajoji gobe, batir in ya nuna alama. In bayan haka tana maƙalewa, ki kwashe kayanki, ki tabbatar kin san kalmar sirrin Google, domin bayan sharewa wayar za ta neme ta kuma ba ta buɗuwa sai da ita, sannan ki mayar da ita yadda ta fito daga kwali, ki sauko da manhajoji ɗaya bayan ɗaya daga Play Store kaɗai. A cikin makonnin nan ki yi wata hira da mai kayanki kan wani farashi ta kiran murya, wata kuma ta saƙo, ki ga wacce ta isa kunnen abokiyar sana'arki.